Ranar da Kuka Binne Babanku a Rairayi

Bara da Auta ta dawo daga bikin 'yar baffanku a Kazaure, ko akwati ba ta buɗe ba ta zo ta zauna a bakin gadona, ta ƙura mini ido.

"Umma, wai da gaske ke kika hana Baba ya koma gida ya rasu a gaban mahaifiyarsa?"

Na ce ta je ta watsa ruwa ta ci abinci tukuna. Ba wai ba ni da amsa ba ne. Shekara da shekaru maganar nan tana zagayowa tana iso ni a bakin baƙin da ke zuwa asibiti, wani ya faɗa a kaikaice, wata ta faɗa tsirara tana cin tuwona, ban taɓa tanka wa kowa ba. Amma tunda har ta shiga kunnen 'ya'yana, shiru ya ƙare. Ga shi na ɗauki biro da wannan hannun da ya fi sabawa da muciya. Ku uku nake wa magana, kuma duk wanda ya ga kuskuren rubutu ya haɗiye abinsa, ban yi makarantar da kuka yi ba.

Babanku ya zo Alƙahira karatu yana saurayi. Da ya gama ya je gida ya auro ni, muka tare a unguwar Arba wa Nus, a saman wannan benen da har yau ba a shafe bayansa da siminti ba. Sana'arsa kun san ta: ya tarbo marasa lafiya daga Najeriya da Nijar a filin jirgi, ya nema musu masauki, ya kai su wurin likitoci a unguwar Dokki, ya tsaya tsakani yana yi musu tafinta. Ni kuma ina tuƙa musu tuwo da miyar kuka, domin mara lafiya ko ya zo Masar cikinsa yana gida, wake da gurasar mutanen nan ba sa wuce masa maƙogwaro. A nan na haife ku duka. 'Yar farin da ba na iya kiran sunanta, Allah ya saka wa Misirawa da alheri, su suka fitar da ni kunya da suka laƙaba mata Susu. Sai Bashir, sai Auta, wadda ta zo bayan mun fid da rai, ta kuma zo da baki.

A shekarar da nake ba ku labari, idon Malam, babanku, ya fara komawa ruwan ɗorawa, ƙafafunsa suna kumbura har takalmi ya daina shiga. Ciwon hanta ne, kuma ya yi nisa kafin a gano. Likitan da ya duba shi mutum ne da suka daɗe suna aiki tare, sai ya faɗa masa irin maganar da shi kansa Malam ya sha fassara wa iyalan mutane: a koma gida, a ci gaba da addu'a. Ranar bai nemi tafinta ba. Ya dawo ya same ni a kicin ina tuƙi, ya jingina da ƙofa.

"Binta, tuwon nan ya isa haka. Sauke ki zauna."

Da na ji ya kira sunana kai tsaye na san ba lafiya. Muka yanke ba za mu faɗa muku ba tukuna. Susu ta gama sakandare ke nan, an ba ta gurbin karatun aikin jinya, tana yawo a gida kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Wa zai iya kallon wannan fuskar ya ɓata ta?

Gida kuwa ba a ɓoye musu ba. Baffanku Sale, yayan Malam, ya dinga kira safe da yamma, muryarsa tana fitowa daga waya har ina ji daga ɗaki.

"Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Ka tattaro iyalinka ka zo, Inna ba ta da aiki sai kuka. Yara ba abin damuwa ba ne, ga ni, ga Lawal, ga Talatu, kowa zai ɗauki ɗaya."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka ake riƙon marayu a wurinmu, ni kaina a hannun gwaggona na tashi. To ku buɗe kunne ku ji wannan da kyau: duk cikin masu cewa a koma gida babu wanda ya kai ni matsa wa babanku. Ina tsoron zama ni kaɗai a ƙasar mutane da yara uku. Ina tausayin Inna, tsohuwar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Kuma a ganina namiji a kusa da iyayensa ya kamata ya kwanta. Na sauko da manyan jakunkuna daga saman kwaba na fara ɗaure kaya, ku kuma na ce muku hutu za mu je. Duk lokacin da na tambaye shi yaushe za a sayi tikiti, sai ya ce Allah ya zaɓa mana mafi alheri. Wannan amsar ta ishe ni har wuya, wata rana na ce masa Allah ba zai sauko ya yanka mana tikiti ba, ya yi dariya ya ce in nemi gafara.

Ana haka Ummu Karim ta shigo aron albasa ta ga jakunkuna. Kun san ta, maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, mace mai jiki da murya, wadda in tana raɗa ana ji a hawan ƙasa. Ta ja ni kicin, ban san lokacin da na faɗa mata komai ba. Ta yi kukanta mai isarta, ta fyace hanci da gefen mayafi, sannan ta dafa kafaɗata.

"Khalas, shi ke nan, ya Ummu Bashir. Amma wallahi ba za ku bar Masar ba sai kun yi masif."

Masif shi ne fitar da suke yi bakin teku duk lokacin zafi, mai kuɗi da talaka, kowa da inda ƙarfinsa ya kai shi. Mijinta Ammu Sayyid, direban ƙaramar bas, yana da ɗan'uwa mai ɗan gida a Rasul Barr, can inda kogin Nilu yake shiga teku. Na ce mata ta ji tsoron Allah, mutum yana kwance ana maganar wasan ruwa? Ashe Malam yana jin mu daga ɗaki.

"Za mu je," in ji shi. "Duk zaman da muka yi a ƙasar nan, lokacin zafi lokacin baƙi ne, ban taɓa kai yaran nan ko'ina ba. Na kai mutane asibiti na kai su filin jirgi har na gaji. Bari sau ɗaya in kai nawa wurin da ba a kuka."

Haka muka cika bas ɗin Ammu Sayyid kamar masu ƙaura. Ummu Karim ta ɗauko tukunyar mahshi, wato ganyen kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, tukunyar da za a iya yi wa Auta wanka a cikinta, ga kankana, ga tulun gas, ga tsohon tif ɗin tayar mota an hura shi an ɗaure a saman bas. Ni ma ban yarda an bar ni a baya ba, na ƙullo dambun nama da yajina. Da muka iso muka ɓullo ta wani lungu sai ga teku a gabana. Ni da babban ruwan da na sani shi ne dam ɗin Kazaure, sai kogin nan da nake hangowa ta tagar mota. Wannan kuwa babu tsallake, ruwa ne har ya haɗe da sama, yana tahowa yana komawa ba ya gajiya. Na tsaya ina ta salati. Malam ya ce in rufe baki kada kifi ya shiga.

Kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba, kuma ban sake ba. Da hantsi a kama hayar laima da kujeru a kafa a rairayi, kowane gida da tasa, a jere kamar rumfunan kasuwa. Bashir da Karim ɗan maƙwabciyarmu su ɗauki faifan katako suna buga ƙwallo a bakin ruwa, tas, tas, har ƙwallon ta faɗa cikin abincin wasu a je ana ba da haƙuri. Mai fireska ya wuce da akwatin gilashi a kafaɗa yana jan sunan hajarsa, wata 'yar siririyar waina ce mai zuma a tsakiya wadda ba ta kai ciki, amma Auta ta ɗauka don ita kaɗai yake wucewa. Susu ta tsinci bawon katantanwa cike da gwangwani ta ce za ta yi mini sarƙa, har yau ina jira. Da la'asar a ci gasasshiyar masara, yara su saki jirgin leda mai zare ya yi ta lilo a sama, a hau taftaf, wani ɗan jirgin ƙasa na wasa mai tafiya a kan titi, manya da gemunsu suna zaune a ciki suna tafi. Babanku ba ya iya cin abin kirki, amma kullum sai an sayo masa gasasshen kifi ya ɗan taɓa ya miƙa muku sauran.

Har ni sai da aka shigar ruwa. Na rantse ba zan shiga ba, Ummu Karim ta nuna mini mata sa'o'ina tsundum a ciki da dogayen rigunansu da lulluɓinsu, ta kama hannuna ta ce yalla, wato maza mu je. Ruwa ya kawo gwiwa, na ce ya isa. Ban rufe baki ba wata igiya ta taho ta kwashe mu mu biyu, na tashi hijabina ya kumbura ya yi tulu, gishiri har cikin hanci, ina kiran sunan Allah ina zagin Ummu Karim da Hausa. Da na waiwaya na hango Malam a ƙarƙashin laima yana dariya har ya riƙe ciki. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin zuwa wurin likita, sai na ji na yafe wa matar.

Ana gobe za mu dawo ne abin ya faru. Na je ɗauko shayi daga gida, na dawo na tarar da Karim da ƙannensa sun haƙa rami mai tsawon mutum, Ammu Sayyid ya kwanta a ciki, suna tura masa rairayi har wuya, kai kaɗai ya rage a waje da sigari a baki. Na kusa sakin butar. Ummu Karim ta ce ma'alish, ba komai, wasa ne, kowa yana yi, kuma rairayi mai zafi yana tsotse sanyin ƙashi. Na ce a raina wannan wasa ko a mafarki na gan shi sai na yi sadaka. Ban gama ajiye kofuna ba na ji muryar Auta.

"Mu ma mu binne Babanmu."

Bashir har ya fara haƙa da hannu. Ku ba ku san komai ba, sai dai Susu, ita na ga ta tsaya cak tana duban ubanta. Na miƙe na ce duk wanda ya sake taɓa rairayin nan sai na ɓalla masa hannu, wane irin mugun fata ne wannan. Auta ta taɓe baki za ta yi kuka. Sai Malam ya cire hularsa ya miƙa wa Susu.

"Bar su, Binta. Kowa ya binne nasa, nawa ne za su koma gida da kunya?"

Ya tashi da ƙyar ya kwanta a ramin. Ban iya kallo ba. Na juya na nufi bakin ruwa na tsaya ina kuka, ina jiyo Auta tana kai da kawo da ɗan bokitinta ja tana ba da umarni da Larabci, a ƙara nan, a danna can. Can sai Susu ta zo ta taɓa ni ta ce Baba yana kira, sannan ta kwashe ƙannenta ta yi cikin ruwa da su. Tun ranar na san yarinyar nan ta fi ni hankali.

Na same shi kai kaɗai a waje, an yi masa matashi da rairayi.

"Matso da laimar nan, rana tana dukan idona."

Na matsar, na zauna daidai kansa.

"Kin yi fushi."

"Malam, ka san abin da likita ya ce. Ka kwanta 'ya'yanka suna tura maka rairayi ina tsaye. Wace irin zuciya kake so in yi?"

"Tun ranar da na fito daga wurin likita nake tsoron abin nan," in ji shi. "Na wanke mutane, na raka su, ban taɓa tunanin nauyinsa ba sai da ya zo kaina. Yau na ce bari in ɗanɗana tun ina iya tashi. Binta, da ɗumi. Kuma bai kai nauyin da na zata ba."

Na ce ya daina, don Allah ya daina. Ya ce in dubi ruwa. Na duba. Susu ta ɗora Auta a kan tif ɗin taya tana riƙe da ita, Bashir yana iyo yana zagaya su yana yi kamar zai kife su, Auta tana ihu tana dukansa da ƙafa.

"In na kai su Kazaure, kafin a yi sadakar arba'in an raba su gida uku. Yaya ba mugu ba ne, abin da ya sani ke nan. Amma Auta za ta tashi ba ta san dariyar Bashir ba, karatun Susu kuma ya tafi. A nan kina da tukunyarki, baƙi ba za su daina zuwa ba, za ta riƙe ku. In kuma na tafi ni kaɗai, na mutu ban gan su ba. Ba zan iya ba."

"Inna fa?"

Hawaye suka gangaro ta gefen idonsa suka nufi kunne, ga hannuwansa a binne, ba shi da abin sharewa. Na sa bakin hijabina na share masa.

"Inna tana da sauranmu a gabanta. Waɗannan ba su da kowa sai ke da junansu. Zan kira ta da kaina."

"Za a ce ni na riƙe ka."

"Za a ce. Wannan ne kayan da zan bar miki, kuma na san da nauyi. Ki yafe mini."

Na dafa rairayin daidai ƙirjinsa, na ji yana ɗagawa yana sauka a hankali, na bar hannuna a wurin. Muna haka Auta ta taho a guje tana ɗigar ruwa ta tambaye shi ko ya gaji. Ya ce yalla, a tone shi. Kuka taru kuna tono kamar kaji, ya miƙe yana kakkaɓe riga, Ammu Sayyid ya tsayar da mai fireska ya saya wa kowa.

Da muka dawo Alƙahira na kwance jakunkuna na mayar da su saman kwaba. Ya kira Inna ya buɗe muryar waya, ina tsaye a bakin ƙofa. Ya faɗa mata komai yadda ya faɗa mini, bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya. Tsohuwar ta yi kuka har na zaci wayar ta yanke, sannan ta yi magana.

"Na so in gan ka. Amma uban da ya tsaya wa 'ya'yansa bai saɓa wa uwarsa ba. Na yafe maka duniya da lahira."

Ba kowa a ɗakinta lokacin, kuma ita ba mai yawan magana ba ce. Shekara guda bayan rasuwarsa ita ma ta bi shi, ta tafi da shaidata. Baffanku Sale bai sake ɗaga wayata ba har yau. Kada ku riƙe shi a zuciya, ƙaninsa ya rasa bai gan shi ba, ciwo kuma sai ya nemi wanda zai ɗora wa. Ni dai na yi takabata a wannan ɗakin ba uwa ba gwaggo, ina tuƙa tuwon baƙi Bashir yana kaiwa Dokki, Ummu Karim tana zaune a kaina kamar kaza a kan ƙwai. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, akwai ranakun da na ji haushin babanku har na kasa yi masa addu'a sai da yamma. Amma ban kwana ko sau ɗaya ina tunanin a gidan wa ɗaya daga cikinku ya kwana ba.

Da sanyi ya shigo ya rasu, kuna zagaye da shi. Ammu Sayyid ya zo ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya ce maƙabartar danginsu tana da wuri, wanda ya yi maƙwabtaka da su a raye ba za a kai shi cikin baƙi ba. Na yi godiya, amma hankalina bai kwanta ba, don na ji kabarin mutanen nan ba irin namu ba ne, ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa da ake sauka da matakala. Na yini ina tunanin a kan me za a kwantar da shi, ko a kan siminti mai sanyi ne, shi da ba ya son sanyi. Bashir yana cikin waɗanda suka sauka da shi. Da suka dawo ya ratsa mata ya zo ya durƙusa a gabana, gwiwoyin wandonsa duk sun yi fari.

"Umma, rairayi ne a shimfiɗe a ciki, mai laushi. Irin na Rasul Barr."

To Auta, ga amsarki. Ban hana babanki komawa gida ba, shi ya zaɓi ya tsaya inda kuke, kuma ya zaɓa ne yana kwance a ƙarƙashin rairayin da ke kika fi kowa zubawa da jan bokitinki. Bana in zafi ya shigo ku haɗa kuɗin mota ku kai ni masif, ku taho da jikokina duka. In sun ce za su binne ni a rairayi, kada wanda ya hana su.